Yadda A Ke Auna Wutar Rana: Darasi Daga Kuala Lumpur

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wutar lantarki wadda a ke samu daga hasken rana, da yadda a ke tara ta cikin batir don amfanin dare. Za a ɗauko misali daga birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya, sa'an nan a gwada shi da Kano. Akwai ɗan lissafi a ciki, saboda haka wanda ya ke da fensir da takarda kusa da shi, ya jawo su.

Dalilin wannan jawabi shi ne, mutane da yawa sun kashe kuɗi masu nauyi sun sayi farantin hasken rana da batir, amma kafin shekara ta kewayo batir ya mutu, ɗaki ya koma duhu, su kuwa su ce ɗan kasuwa ya cuce su. Wani lokaci an cuce su ɗin. Amma sau da yawa kayan ba su da laifi, lissafi ne ba a yi ba tun farko.

Birnin da matafiyansa

Kuala Lumpur shi ne babban birnin Malesiya, can gabas mai nisa, inda agogo ya ke gaba da na Nijeriya da awa 7. Masu haƙar kuza ne suka kafa shi wajen shekara ta 1857, a mahaɗar koguna biyu, Klang da Gombak, kamar dai yadda kuza ta raya garin Jos. Ma'anar sunan da harshensu ita ce mahaɗar ruwa mai laka. Hausawa ba baƙi ba ne a can, gama ɗalibai da yawa daga arewacin Nijeriya sun yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen birnin.

Cikin gari wuta ba ta cika yankewa ba. Amma ran hutu waɗansu mutanen birnin su kan kwashi iyali su tafi bakin rafi a Hulu Langat, ko kuwa kan duwatsu a Janda Baik cikin jihar Pahang, su kwana biyu ko uku. Waɗansu tanti su ke kafawa. Waɗansu kuwa suna da ɗakin tafi-da-gidanka, watau ɗan ɗaki mai ƙafafun mota, da gado da murhu a ciki, wanda a ke ɗaura wa mota ta ja shi, ko kuma su gyara bayan motar kanta ya zama ɗaki. Inda suka yi zango cikin daji babu turken lantarki, dole su tafi da wutarsu. Halin da su ke ciki shi ne halin mai shayi a bakin tasha, da mai cajin waya a kasuwar ƙauye, da malamin asibitin da ke ajiye maganin rigakafi cikin firji a garin da waya ba ta kai ba. Lissafin duka ɗaya ne.

Malesiya kuwa ta san wannan sana'a. A shekara ta 2008 kamfanin First Solar na Amurka ya fara ƙera faranti a Kulim cikin jihar Kedah, bayansa kamfanonin waɗansu ƙasashe suka kafa nasu a Cyberjaya da Penang da Kuching, har ƙasar ta shiga sahun manyan masu ƙera shi a duniya. Faranti biyu iri ɗaya su kan fito daga ma'aikata ɗaya, da lamba ɗaya a bayansu, a kafa ɗaya a Kuala Lumpur ɗaya a Kano, amma wutar da za su bayar ba za ta zo daidai ba. Sararin samaniyar garuruwan nan biyu ne ya bambanta.

Gona, rumbu da bakunan ci

Wani Bafaranshe mai suna Edmond Becquerel shi ya fara gano, a 1839, cewa haske yana iya tā da wutar lantarki. Amma sai a 1954 masana uku na ɗakin binciken Bell a Amurka, watau Chapin da Fuller da Pearson, suka ƙera farantin farko mai amfani, da wani abu wai shi silikon, wanda a ke tacewa daga yashi. Nasu yana juya kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗo masa ya zama wuta. Na kasuwa yau yana juya kimanin kashi 20 ko fiye kaɗan.

Hanya mafi sauƙi ta gane wannan aiki ita ce a tuna da manomi. Faranti shi ne gona, batir shi ne rumbu, fitila da fanka da firji su ne bakunan ci. Manomi mai hankali ba ya fara da tambayar girman rumbu. Ya kan fara ƙidaya iyalinsa, ya san mudu nawa a ke ci kullum, sa'an nan ya san girman gonar da za ta ci da su, kuma da shekarar ƙarancin ruwa ya ke lissafi, don wadda damina ta yi albarka ba ta bukatar dabara.

Akwai ma'auni uku da ya kamata a riƙe. Na farko bolt, shi ne ƙarfin turin wuta, kamar tsawon hasumiyar da aka ɗora tankin ruwa a kai. Na biyu amfiya, ita ce yawan wutar da ke gudu cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin famfo. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami na uku, watau wat, wanda ke nuna saurin cin wuta na kowane abu. In kuma aka ninka wat da yawan awoyin da abin ya yi yana aiki, sai a sami wat-awa. Wat-awa shi ne mudun wannan lissafi. Guda 1,000 nasa su ne yunit ɗaya da mitar gida ke ƙidayawa.

Mataki na farko: ƙidaya bakunan ci

A ɗauka wani magidanci a Kuala Lumpur yana shirin fita da iyalinsa cikin irin wannan ɗaki. Sai ya zauna ya rubuta kowane abu, da wat ɗinsa, da awoyin da zai yi yana aiki cikin yini da dare.

Ƙwan fitila 4, kowane wat 5, awa 5: wat-awa 100.
Fanka mai wat 20, awa 10: wat-awa 200.
Ƙaramin firji mai wat 45, wanda injinsa ke tashi yana tsayawa, a ce ya yi awa 10 yana aiki: wat-awa 450.
Wayar hannu 4, kowace 15: wat-awa 60.
Kwamfutar hannu mai wat 45, awa 2: wat-awa 90.
Rediyo mai wat 10, awa 4: wat-awa 40.
Ɗan famfon ruwa mai wat 60, awa 1: wat-awa 60.

Jimla wat-awa 1,000 ke nan kowace rana. Abin lura a nan shi ne firji, ko da ya ke ba ya da hayaniya, shi kaɗai ya cinye kusan rabi, kuma ƙara zafin gari ƙara cinsa. Wani abin lura shi ne abubuwan da ba a sa cikin jerin ba. Duk abin da ke juya lantarki ya zama zafi mayunwaci ne ƙwarai. Tukunyar dafa shinkafa mai wat 500, wadda kusan kowane gida a Malesiya ke da ita, in ta yi rabin awa ta ci wat-awa 250. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, in ta kwana tana aiki, tana iya cin 6,000, watau abincin kwana shida na sauran kayan duka. Don haka matafiyi mai dabara da iskar gas ya ke girki, ya kuma haƙura da fanka.

Mataki na biyu: girman gona

A bayan kowane faranti akwai lamba, a ce wat 100. Wannan lamba a ɗakin gwaji aka same ta, inda aka haska masa haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, alhali zafin jikinsa digiri 25 ne kacal. A kan rufin mota ba a samun haka. Farantin da ya sha rana jikinsa ya kan kai digiri 60, kuma zafi rage masa ƙarfi ya ke yi, don haske ya ke ci, ba zafi ba. Wannan kaɗai ya kan ɗebe masa kimanin kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Ga ƙura, ga wutar da ke ɓacewa cikin waya, ga wadda ke ɓacewa wajen shiga batir da fita. In aka haɗa duka, mai lissafi ya ɗauka farantin wat 100 zai ba shi 70.

Sa'an nan sai batun awoyi, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kuala Lumpur tana digiri 3 kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka yini da dare kusan daidai su ke, awa 12 kowane, duk shekara. Mai gaggawa sai ya ninka 70 da 12. Amma ranar hantsi da ta la'asar a karkace su ke zuwa, ba su da ƙarfin ta tsaka. Abin da masana ke yi shi ne su tattara hasken yini duka, su tambaya awa nawa zai yi da a ce dukansa da ƙarfin ranar tsaka ya zo. Wannan a ke kira awoyin cikakkiyar rana. A Kuala Lumpur, in aka daidaita shekara duka, tsakanin awa 4 ne da 4 da rabi. A Kano tsakanin 5 da rabi ne da 6.

Abin da ya jawo wannan bambanci gajimare ne. Ruwan da ke sauka a Kuala Lumpur ya wuce milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma babu watan da ba a ruwa. Sau da yawa gari ya kan waye garau, da la'asar hadari ya haɗu, a yi tsawa a kece da ruwa. Ga shi kuwa bisa agogon ƙasar rana ba ta kaiwa tsaka sai wajen ƙarfe ɗaya da kwata, don haka awoyin da faranti ke cin kasuwarsa 'yan kaɗan ne, daga hantsi zuwa bayan azahar.

Tun da ya ke da lokacin ƙaranci a ke lissafi, magidancin nan sai ya ɗauki awa 3 da rabi, saboda watannin da ruwa ya fi yawa, kamar Nuwamba da Disamba. Wat 70 sau 3 da rabi ya ba da wat-awa 245 daga faranti ɗaya. Faranti 4 za su ba da 980, ba su kai 1,000 ba. Dole ya sayi 5, waɗanda za su ba da 1,225, ya sami rarar 225 kullum.

Ɗan'uwansa a Kano, mai kaya iri ɗaya, sai ya ɗauki awa 5 saboda watan Agusta, sa'ad da damina ta yi tsaka. Wat 70 sau 5 ya ba da 350. Faranti 3 sun ba shi 1,050, da ƙyar ke nan. In ya sayi 4 ya sami 1,400, da rarar 400. Watau faranti 4 a Kano sun fi 5 a Kuala Lumpur. Wanda ya kwafi lissafin wata ƙasa bai duba samaniyar garinsa ba, ko dai ya yi asarar kuɗi ko ya kwana cikin duhu.

Mataki na uku: girman rumbu

Batir iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai na darma, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙago a 1859. Akwai kuma na litiyam, wanda saboda shi aka ba masana uku, Goodenough da Whittingham da Yoshino, kyautar Nobel a 2019. A kan auna cikin batir da amfiya-awa. In aka raba wat-awa 1,000 da bolt 12 za a sami amfiya-awa 83, abincin kwana ɗaya ke nan.

Amma rana ba kullum ta ke fitowa ba. A watan Disamba na 2021, daga ran 17 zuwa 19, aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa a Kuala Lumpur da jihar Selangor, ambaliya ta ci unguwanni a Shah Alam da Hulu Langat, aka kashe wuta a wurare da yawa. A irin waɗannan kwanaki faranti ɗan abin da ya ke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka a kan yi rumbun da zai ɗauki abincin kwana biyu, watau amfiya-awa 167.

Batirin darma kuwa yana da wata doka: ba a cin fiye da rabinsa. In ana kwashe shi har ƙasa kullum, kwanansa ya kan gajarta ƙwarai. Don haka sai a ninka 167 sau biyu, a sami 334, watau a sayi batir biyu masu amfiya-awa 200 kowane. Nauyinsu tare ya wuce kilo 100, abin da mai jan ɗaki da mota a kan hawan duwatsun Pahang ba zai raina ba. Kuma lalle ya zama irin wanda aka yi don wutar rana. Batirin tā da mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, in aka sa shi aikin dare ba ya daɗewa.

Na litiyam ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa ba tare da lahani ba, saboda haka guda ɗaya mai amfiya-awa 200 ya kusa isa, nauyinsa kuwa bai fi kilo 25 ba. Ya fi tsada ran saye. Amma na darma sau ɗaruruwa a ke cika shi a kwashe kafin ya gaji, na litiyam mai kyau kuwa sau dubbai. Zafi abokin gabar duka biyun ne. Batirin darma, in zafin wurin da a ke ajiye shi ya ƙaru da kimanin digiri 10 bisa 25, kwanansa ya kan ragu da rabi. Wannan gargaɗi ya fi shafar mutanen Sakkwato da Maraɗi a watan Afrilu fiye da na Kuala Lumpur. A ajiye batir a inuwa, inda iska ke ratsawa.

Mataki na huɗu: sarkin ƙofa

Ba a haɗa faranti da batir kai tsaye. Tsakaninsu a kan sa wata 'yar na'ura da a ke kira kwantirola, aikinta aikin sarkin ƙofa ne, ta bar wuta ta shiga daidai bukata, ta tsai da ita in rumbu ya cika. Cika batirin darma kamar cika buhu ne da hatsi. Da fari a kan zuba da sauri har ya kusa baki. Sa'an nan a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana girgizawa don ya zauna, a nan kwantirola ta kan riƙe turin wuta wajen bolt 14.4 har awa biyu ko uku. Daga ƙarshe ta sauko wajen 13.6 don ta riƙe shi cike. Matakin tsakiyar nan shi ne mai cin lokaci, kuma shi ne hadarin la'asar ke katsewa a Kuala Lumpur.

Kwantirola iri biyu ce. Mai araha, wadda a ke rubuta wa PWM, ta kan jawo turin faranti, wanda ya ke wajen bolt 18, ta sauko da shi daidai da na batir, abin da ya rage ya tafi a banza. Mai tsada, wadda a ke rubuta wa MPPT, ta kan juya wannan rara ta zama ƙarin amfiya. Ga faranti ɗaya ko biyu mai arahar ta isa, ga biyar kuwa mai tsadar ta fi riba. Girmanta kuma da lissafi ne: wat 500 a raba da bolt 12, ya ba da amfiya 40 da 'yan kai, sai a nemi wadda ta ɗara haka.

Inda batir ke mutuwa

Yanzu a koma kan rarar nan ta 225. A ce an yi kwana biyu babu rana, an ci wat-awa 2,000 daga rumbu. Rana ta dawo, amma iyali ba su daina ci ba, rarar nan kaɗai ke shiga rumbu. In aka raba 2,000 da 225, sai an yi kwana 9 kafin batir ya cika, in har wani hadari bai sake zuwa ba. A Kano, da rarar 400, kwana 5 ne.

Cikin kwanakin nan batirin darma yana zaune da yunwa. In ya daɗe haka, wani farin gishiri ya kan taru a jikin darmar ya daskare, wurin da ya rufe kuwa ba ya sake karɓar wuta. Haka rumbu ke ta ƙanƙancewa, mai shi bai sani ba, har ran da fitila za ta mutu tun kafin lisha. Mafi yawan abin da a ke kira mugun batir, batir ne da ba a taɓa ƙosar da shi ba. Daga nan za a gane cewa wanda wutarsa ba ta isa, in ya ƙara batir bai ƙara faranti ba, ya ƙara wa kansa ciwo ne, gama ya gina rumbu biyu a kan gonar da ba ta cika ɗaya.

Magani uku ne. Ko a ƙara faranti, ko a rage ci a ranakun hadari, ko a nemi wata hanyar caji. Mai tafi-da-gidanka yana da sa'a, don injin motarsa yana yin wuta sa'ad da ya ke tafiya. Akwai na'urar da a ke sawa tsakanin batirin mota da na ɗaki, wadda ke ba da kamar amfiya 30. Tafiyar awa 3, kamar daga Kuala Lumpur zuwa Kuantan a gabar gabas, ta kan zuba wat-awa 1,000 ko fiye. Kafin a bar gida kuma a cika batir da wutar gari. Ƙaramar mitar auna bolt ita ce idon mai batir. Batirin darma da ya huta, in ya nuna 12.7 ya cika, in ya nuna 12.2 ya kai rabi, lokacin kashe kaya ya yi.

Inuwa, ƙura da waya

Matafiyi inuwa ya ke so, faranti kuwa rana. Ƙananan gidajen da ke jikin faranti a jere a ke haɗa su, kamar kwamin lambu da ke shan ruwa daga hanya ɗaya, in aka toshe wuri ɗaya na gaba duka su rasa. Saboda haka inuwar reshe guda tana iya rage wuta fiye da yadda ido zai zata. Dabarar masu zango a dazukan Malesiya ita ce su ajiye ɗaki a gindin itace, su ɗauki faranti mai naɗewa su kai fili, su jawo waya.

Wajen kafawa, a Kuala Lumpur rana ta kan bi ta arewa daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Satumba, sauran watanni ta bi ta kudu, don haka kusan a kwance a ke sa faranti, a ɗan karkata shi kamar digiri 10 don ruwa ya gangare ya wanke shi. Kano tana digiri 12, can a kan karkata shi digiri 12 zuwa 15 ya fuskanci kudu. A Kuala Lumpur ruwan sama ke wanki, sai dai a shekarun da hayaƙin gobarar daji daga Indonesiya ya rufe gari, kamar 1997 da 2015 da 2019, rana ta dushe kwana da kwanaki. A ƙasar Hausa hazon hunturu ke yin wannan aiki, ya kuma bar ƙura a kan gilashi. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi.

Batun waya kuwa batun rai ne. Wat 500 a wutar gari amfiya 2 ne da ɗan kai, amma a bolt 12 ya wuce amfiya 40. Siririyar wayar gida in aka ɗora mata wannan za ta yi zafi, robarta ta narke, ga shi ɗakin katako ne da katifa da tukunyar gas. A sa waya mai kauri, gajeruwa, a kuma sa fis dab da kan batir. A fara haɗa kwantirola da batir kafin a haɗa ta da faranti. Batirin darma mai ruwa yana fid da iska mai kama wuta sa'ad da ya ke caji, kada a rufe shi cikin akwatin da ba shi da mafitar iska, kada kuma a kusance shi da ashana. Inbata, watau na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, tana cin rabonta ko ba a kunna kome ba, sai a kashe ta in ba a bukata.

A kasuwa

Akwai gwaji biyu da mai saye zai yi da kansa. Hasken rana wat 1,000 ne a murabba'in mita, faranti kuwa kashi 20 ya ke kamawa, saboda haka murabba'in mita ɗaya wat 200 ya ke bayarwa, ko fiye kaɗan. A tafi da tef a auna tsawo da faɗi. Farantin da bai fi rabin murabba'in mita ba, aka rubuta masa wat 300, lambar ƙarya ce. Batirin darma kuma a ɗaga shi, ko a ɗora bisa sikeli. Mai amfiya-awa 100 na gaskiya nauyinsa wajen kilo 30 ne. In ya zo da sauƙin ɗauka, an rage masa darma. Araha dai ba ta ado.

To, jama'a, ga tsarin a taƙaice don wanda ke rubutawa. A haɗa wat-awa na yini ɗaya. A ɗauki kashi 70 cikin 100 na lambar faranti, a ninka da awoyin cikakkiyar rana na watan da ya fi ƙaranci a garinku, a sayi abin da zai bar rara. A yi rumbun kwana biyu, a ninka shi in na darma ne. Sa'an nan a tambaya kwana nawa rarar za ta yi kafin ta cika rumbu bayan hadari, in sun wuce huɗu ko biyar a ƙara gona. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Jawabin mako mai zuwa zai duba yadda a ke jawo ruwan rijiya da hasken rana don noman rani. Kafin nan, a huta lafiya.